Raƙumi a Duniyar Dodanni

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, gine-gine na ta tashi a Abuja, kowa na neman kwangila, ni ina aikin buga rubutu a ofishin wata jaridar Hausa ta mako-mako. Daga Masaka nake tasowa kullum, in sauka a Utako, in ƙarasa da ƙafa. A bakin kasuwar Utako akwai wani Alhaji Bakatsine mai sayar da faifan bidiyo. Na Indiya da na Kano su ne a gaba. A ƙasan tebur kuwa akwai wani kwali da ba mai taɓawa, cike da tsofaffin fina-finan Turawa na ban tsoro da na sararin samaniya.

"Hajiya, waɗannan ba mai so," in ji shi ranar da na fara tona kwalin. "Ga na soyayya nan sababbi."

Na ɗauki uku. Ranar Lahadi bayan na gama wanki na kalle su a jere, har shinkafata ta kama. Wasu abin dariya ne, kana ganin zaren da aka rataye jirgin da shi. Amma duk da haka gabana ya faɗi, na kuma so in san dalili. Sai na zauna na rubuta abin da na gani.

A wannan makon wata talla ta ƙi zuwa, shafi ya rage da gurbi. Ogana, editan jaridar, ya ga takardata a kan tebur ya karanta a tsaye.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, oga."

"Mutanenmu za su karanta labarin dodon roba?"

Ya saka rubutun a jaridar don ba shi da wani abin sakawa. Mako ya zagayo, ya tambaye ni ko akwai wani. Haka na samu filina a jaridar. Ba na ba da labarin fim in tsaya. Nakan faɗi inda tsoron yake, ko a ƙofar da aka bari a buɗe, ko a shirun da ya yi tsawo, in kuma faɗi inda aka yi ha'inci.

Akwai wani fim da na fi ƙauna. Matafiya biyar sun sauka a wata busasshiyar duniya, wani abu yana bin su, ba a nuna shi sai a ƙarshe. Da ya fito, ƙato ne kawai cikin rigar roba. Na rubuta cewa kukansa ne ya ceci fim ɗin, na ƙara da cewa babu shakka da na'ura aka haɗa shi, domin ba mai rai a doron ƙasa da ke irin wannan kuka.

Ranar Talata da hantsi aka ce ina da baƙo. Na fito na tarar da wani dattijo dogo, da jaridar a naɗe a hannu. Ya ce shi mai gadi ne a wani gida a Maitama. Bai iya karatun boko ba, direban gidan ne ke karanta masa filina, sannan su nemo fim ɗin su kalla a ɗakin gadi tare da mai ban ruwan fulawa.

"'Yata, rubutunki na da daɗi, amma kin yi kuskure. Wannan kukan raƙumi ne. Amale, ƙaton namiji, lokacin da yake neman taguwa, wato macen. Sun ja sautin ne kawai ya yi nauyi."

Na ce, "Baba, Turawa ne fa suka yi fim ɗin."

"To su Turawa ba su san hanyar da raƙumi yake ba? Ni cikinsu na girma, can bakin iyaka."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Na ce mu je mu ji. Muka taka har rumfar Alhaji, ya saka faifan, ya kai wurin da kukan yake, ya ƙure murya. Kukan na tashi, wani Buzu mai shayi da ke gefe ya ajiye buta ya miƙe yana waige-waige.

"Wa ya kawo raƙumi kasuwa?"

Rumfar ta kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba, ya ɗaga yatsa ya ce in saurari gurnanin da ke biyo baya, kamar ana kuskurar baki. Na saurara. Tun ranar ban ƙara jin dodon nan ba sai raƙumi.

Ogana ya ce ba sai na janye maganata ba, ba wanda zai lura. Na ce wanda ya hau mota biyu ya zo ya lura. Na rubuta gyaran a saman filin, na ce wani dattijo mai gadi ya fi ni kunne, na bayyana yadda aka yi. Wasiƙu suka fara zuwa. Wani mahauci ya yi bayanin abin da yake zaton ana karyawa idan ana son ƙarar ƙashi. Wata nas ta ce jinin wani fim ya yi ruwa da yawa.

Na yi rubuce-rubuce da dama bayan nan, har da waɗanda manya suka yaba, amma wannan gyaran nake fara nuna wa 'ya'yana. Baba ya ci gaba da zuwa duk ƙarshen wata, ranar hutunsa, mu yi gardama a kan benci. Da ya tashi komawa gida gaba ɗaya, ya zo sallama da ƙullin dabino, ya ce in daina tausaya wa fina-finan da ba su da kirki.