Ranar da Surukina Ya Zo Neman Maganin Barci

Shekarar da na dawo daga formasiyo, wato horon ƙarin sanin aiki, a Maradi, ni kaɗai ne a ɗan asibitinmu na Dakoro aka koya wa kula da masu rashin barci ba tare da ƙwaya ba. Malamar da ta koyar da mu ta ce yawancin aikin tambaya ce: yaushe mutum yake kwanciya, me yake sha da yamma, ko yana tashi fitsari, ko yana minshari, da wa yake kwana. A aji mun yi ta gwadawa a kan junanmu muna dariya.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka ɗaga labulen ɗakina, sai ga mahaifin matata. Dillalin shanu ne, kuma tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama kan kujera a gabansa ba. Na durƙusa da farar rigata na gaishe shi.

"Tashi, likita," ya ce, yana kallon bango. "Barci ne ya ƙi mini tun damina. Ba ni ƙwayar nan da ake ba mutane."

Na so in tura shi wurin majo, shugabanmu, amma ya tafi rigakafi Korahane. Ƙwayar kuwa an ja mana kunne a kanta, tana kayar da tsofaffi. Dole na fara tambaya, idona a ƙasa.

Na farkon sun zo da sauƙi. Yana shan shayi mai kauri bayan isha, yana kuma sheƙa barci a rumfar kara bayan azahar. Daga nan na zo kan masu nauyin.

"Baba, da dare... kuna yawan kewayawa?"

"Ina fita," ya ce.

"Minshari fa?"

"Ina zan sani? Sai ka tambayi uwar matarka."

Tambaya ta ƙarshe, wato da wa yake kwana, na haɗiye ta, ban yi ba. Na roƙe shi ya bar shayi daga la'asar, ya rage barcin rana, in kuma barci ya ƙi, ya sauko kan tabarma da carbinsa har ido ya yi nauyi. Ina faɗa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, wai ni ne nake tsara wa surukina lokacin kwanciya. Ya saka takalmansa ya fita.

Kwanaki na kasa gaya wa matata. Da na faɗa, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta je ta tambayi mahaifiyarta. Amsar da ta kawo ta kashe mana dariyar. Yana minshari sosai, wani lokaci numfashinsa yakan tsaya har sai an taɓa shi. Wannan ya fi ƙarfin shawara, sai babban asibiti. Na je har gidansa, na tsugunna a bakin zaure na yi bayani ina in'ina. Ya saurara, ya ce to.

Ya je Maradi aka duba shi. Abin da aka ce masa ban ji daga bakinsa ba, matata ce ta ce ya samu sauƙi, sai mitar shayinsa da yake yi. Daga baya ya riƙa rako mini abokansa dillalai masu irin damuwarsa. Yakan kawo su bakin ƙofa, ya koma gindin itacen bedi ya jira su a can.