Waƙar Raino da Ta Jawo Min Tambayar Asali a Gidan Suna

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce yanzu, amma lokacin da abin nan ya same ni Turawa ne ke mulki, ni kuwa matar aure ce mai 'ya'ya biyu a Unguwar Hajji ta ƙasar Karaye. A Jajaye aka haife ni, can wajen Rogo, kuma a hannun kakata ta wajen uwa na tashi. Mijina maɗinki ne, ni ina soya ƙuli-ƙuli ina sayar da man gyaɗa a cikin gida. Ina da son mutane, ba a biki ko suna a unguwarmu ban kama aiki ba.

Wata rana aka yi suna a gidan wani attajiri mai sayen gyaɗa. Tsakar gida ta cika da mata, jariri sai tsala kuka yake, mai jego duk ta gaji. Na karɓe shi na saɓa a kafaɗa, ina jijjigawa ina rera masa waƙar da kakata ke yi min ina ƙarama. Kalmomin waƙar ba Hausa ba ne, ni dai na ɗauka irin surutun raino ne marar ma'ana. Yaro ya yi shiru. A kan tabarma kusa da ƙofar ɗaki akwai gwaggon maigidan, dattijuwa da kowa ke shakka, duk unguwa Gwaggo ake ce mata. Sai na ga ta tsura min ido, ta yafito ni da hannu.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ke yarinya, 'yar ina ce?" Na ce, "Jajaye, Gwaggo." Ta ce ba inda aka haife ni take tambaya ba, asalinmu take nufi. Na ce uwata da ubana duk 'yan Jajaye ne, kakata ce ta raine ni a can. Ta sa hannu ta kama haɓata, ta ture min ɗankwali tana duba gefen fuskata ko akwai tsage, kamar mai duba akuya a kasuwa. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Waƙar nan bayin gidan ubana ke yin ta in suna daka. Wa ya sayo kakarki?" Kafin in buɗe baki ta ce a karɓi yaron daga hannuna.

Gidan ya yi tsit, har mai rabon waina ta tsaya da faranti a hannu. Na duba fuskokin matan da muke cin abinci kwano ɗaya, ina jiran wata ta ce Gwaggo ta yi kuskure, amma kowa ta sunkuyar da kai. Na miƙe ban yi wa kowa sallama ba. Sai da na isa gida na lura babu takalmi a ƙafata.

Kafin gari ya waye magana ta zagaye unguwa, daga bakin rijiya har rumfunan kasuwa. Wasu suka ce Gwaggo ta ci mutuncina, ba a yi wa baƙo haka a gidan taro, balle tun shigowar Turawa aka daina cinikin mutane. Wasu suka ce ai tambayar asali ba laifi ba ce, da ita ake sanin abokin wasa, ni ce marar kunya da na tashi a gaban babba ba tare da an sallame ni ba. Matan da ke aiko yara sayen mai suka rage, wasu kuma suka riƙa zuwa da kansu don kawai su kalle ni. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yayan mijina, wanda ya zo zaure yana faɗa a kan an ɓata musu zuri'a, ya ce ko dai a sake ni ko ya daina taka gidan.

Na nemi izinin mijina na tafi Jajaye, don ni har lokacin ƙarya na ɗauki maganar. Na tarar da kakata a gindin bango tana ɓarar gyaɗa. Na ba ta labari ina jiran ta tsine wa Gwaggo. Ta ajiye gyaɗar hannunta, ta ce gaskiya ne. Ta ce tana ƙarama, ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba, mahaya suka faɗa wa ƙauyensu a wata ƙasa mai duwatsu can kudu, aka ɗaure ta da wasu yara aka yi ta tafiya. Ba ta tuna sunan garin, ba ta tuna fuskar ubanta, waƙar nan kaɗai ta rage mata daga uwarta. Na tambaye ta me ya sa ta ɓoye min. Ta ce, "'Yar nan, so na yi ko mutum ɗaya a gidan nan ya tashi bai san an taɓa yi mana kuɗi ba." Na kifa kaina a cinyarta, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Na koma Karaye ina tsammanin saki. Na zauna gaban mijina na faɗa masa duka. Sai ya ce min ya sani tun kafin a ɗaura mana aure, mahaifinsa ma ya sani, kuma ya riga ya gaya wa yayansa cewa ba zai rabu da uwar 'ya'yansa ba. Na ji daɗi, amma na sake kaɗuwa. Ashe shekaru ina shiga cikin mutanen da da yawansu suka san labarina, ni kaɗai nake yawo a duhu.

Da surutu ya yi yawa, limamin unguwa ya haɗa mu a gidan attajirin. Ya yi nasiha cewa babu wanda ya fi wani a wurin Allah sai da tsoronsa, ya kuma ce yaro ba ya juya wa babba baya. Aka ce in fara ba da haƙuri, na durƙusa na bayar. Gwaggo ta ce in ta ɓata min in yi haƙuri, sai kuma ta juya ga liman ta ce, "Amma ai ban yi ƙarya ba." Aka shafa fatiha, aka ce magana ta wuce. Yayan mijina bai ƙara cin abincin hannuna ba har ya bar duniya.

Ba bautar kakata ce ta ji min ciwo ba, don ba ita ta kai kanta ba, kunyar tana kan waɗanda suka kama ta. Ciwon shi ne a bakin mai son wulaƙanta ni na fara jin labarin, a gaban jama'a. Ina roƙon iyaye, duk ɗacin asalinku ku gaya wa 'ya'yanku da bakinku cikin mutunci, kada ku bari wani ya riga ku. Masu son tambayar mutane asali kuma, in mutum ya faɗa muku garinsu ku tsaya a nan. Gwaggo ta yi tambayarta ta ci gaba da cin goronta, ni kuwa har na tsufa ban sake ɗaukar jaririn wani a gidan suna ba.