Gado Mai Rumbu da Irin Zango

Na ga mutane iri-iri a ƙasar Gazawa, amma har yau in aka ambaci Gado mai rumbu sai jikina ya yi sanyi. Ɗan guntun tsoho ne, tafin hannunsa kamar ɓawon itace saboda saƙar kara. Shekara arba'in yana ɗinka wa mutane rumbu a ƙauyukan bakin iyaka. Ladansa bai canza ba: tuwo, da zangarniya goma ta gero mai dogon kai da ake kira zango, wadda zai zaɓa da hannunsa. Yakan haɗa su da toka ya rataye a nasa rumbun, har matarsa Marwa tana tsokanarsa da cewa ya fi ji da iri a kan 'ya'yansa.

Shekarar da aka yi taron ƙasa a Yamai, kowa ya sami baki. Wanda bai taɓa taka lakol, wato makarantar boko, ba ma sai ya ɗaga yatsa a gindin gawo ya ce ya nemi magana. Ana cikin wannan daɗi sai saƙo ya zo daga manyan 'yan kasuwar ƙetaren iyaka, waɗanda manyan motocinsu na kamiyo ke kawo fetur da takin zamani. Sun ce duk garin da ke son kaya ya sayar musu da geronsa kaf, har da na iri, in shuka ta zo a je wurinsu a sayi nasu. Ƙauyuka uku sun riga sun miƙa wuya. Saura garin su Gado.

Aka taru da hantsi. Ɗahiru, mai zafin kai, ya ce a gicciya itatuwa a hanya, kowace mota ta zo a fasa gilashinta. Jibo mai shago ya ce, "Kai Ɗahiru, da wa za ka yi faɗan? Mutanen ga in sunka rufe ƙofa sati guda, ko fitila ba mu kunnawa. A ba su, a zauna lahiya." Aka yi ta ja har rana ta take, kowa yana kiran dimokuraɗiyya kamar ƙanwar uwarsa ce.

Gado bai saba magana a taro ba, don haka da ya miƙe sai wuri ya yi tsit.

"Ku sayar masu da na ci, in kuna so," in ji shi. "Amma wanda duk ya sayar da iri, baɗi sai ya nemi izinin wani kahin ya duƙa gonarsa. Ni ba ni faɗa da kowa, kuma ba ni ba da iri."

Jibo ya ce, "To Baba, taki fa?"

"Mi ubanka ya zuba ma tashi gonar? Ku kira Fulani su zauna maku da shanu, ku ba su kara da ruwan rijiya."

Haka aka yi, ba don kowa ya gamsu ba. Motocin suka daina zuwa, amalanke ta dawo da daraja, Jibo ya yi wata biyu ba ya gaida tsohon.

Da ruwan farko ya sauka, 'yan kasuwar suka riƙe irinsu don su nuna wa kowa iyakarsa. Mutanen ƙauyukan nan uku suka zo ƙofar Gado, kunya ta hana su ɗaga kai. Bai tuna musu da komai ba. Ya hau rumbu ya riƙa miƙo zangarniya, wannan ya karɓa, wancan ya karɓa, Marwa tana ta yi masa ido. Kafin la'asar rumbun ya koma fanko, shi kuwa ko rami ɗaya bai shuka ba. Wallahi ranar na ji tsoron mutumin nan, na kuma ji tausayinsa.

Washegari ya saɓa sungumi ya tafi gona, ko don ya kalle ta. Tun daga nesa ya hango mutane a jere daga wannan kunya zuwa waccan. Kowane gida a garuruwan nan huɗu ya rage tafi guda daga abin da ke hannunsa ya kawo. Jibo ne a gaba yana sara, Ɗahiru na biye yana zuba iri yana takewa.

Gado ya tsaya a bakin gona yana kallonsu. Can ya goge ido da hannun riga, ya ɗaga murya: "Kai Jibo, ramin ga ya yi zurhi, za ka kashe mani iri!"