Irmiya Mai Inji, Wanda Ya Kwantar da Kwatas

Kowa a Sakkwato ya san Alhaji Maigandi ne ya koya wa ma'aikatan hukumarsa barci da wuri, da jawabi ɗaya tak. Shi da kansa ya tabbatar da haka a rediyo, ya kuma maimaita a walimar sallamar Irmiya mai inji, wanda ya ajiye aiki makon jiya.

Tun da aka gina kwatas ɗin hukumar a bayan Ƙofar Kware, aikin Irmiya bai sauya ba. Da la'asar sakaliya yakan buɗe ɗakin inji, ya duba mai da ruwa, ya goge ko'ina da tsumma, ya jira ladan ya kira Magariba, sannan ya tayar. A lokacin ba a ja wa kwatas wutar gari ba. Kowane ƙwan fitila da kowace fanka suna hannun wannan mutumin Zuru mai sanyin magana, wanda ba ya fashin coci ranar Lahadi.

Sai kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, suka sauka. Akawun da jiya yake aron rediyo ya wayi gari da talabijin da garmaho. Dare ya zama na karta da kallo, in tasha ta rufe a koma kan faifai. Sallar Asuba ta koma ta hantsi, ofis kuwa sai an ga dama. Ana cikin haka sojoji suka ture sojoji, sababbin suka zo da kora nan take. Aka turo wa hukumar wani kyaftin da yake tsayawa bakin ƙofar ofis da safe da kwaɗo a hannu. Wanda ya tarar da ƙofa a rufe ya sami gargaɗi. Wanda ya sake bayan gargaɗin ƙarshe ya bar aiki, ya kuma bar gidan kwatas kafin rana ta faɗi. Alhaji Maigandi ya tara ma'aikata ya yi jawabinsa a kan ɗa'a da kishin ƙasa. Aka tafa. Ranar har aka raba dare ana yabon jawabin.

Muntari akawu, maƙwabcin Irmiya, shi ne sarkin karta na kwatas, kuma yana kan gargaɗin ƙarshe. Ya gwada kwanciya da wuri sau ɗaya, ya yi ta juyi a katifa yana jin shewar abokansa ta taga, ya tashi ya koma cikinsu. Matarsa Sadiyatu tana da tsohon ciki da yara ƙanana. Wata rana da yamma ta tsaya bakin ɗakin inji.

"Baba Irmiya, in anka kore shi ba mu da inda za mu. Muddin wutar ga na ci, ba shi kwanciya."

Irmiya ya ce ya ji, ya ci gaba da goge-gogensa. Ya san in ya yanke wuta gaba ɗaya za a yi masa rubdugu, kuma idon da ya saba da tsakar dare ba a rufe shi da ƙarfin tsiya.

A makon nan injin ya kamu da wani ciwo. Can wajen tsakar dare sai ya yi tari ya mutu. Bayan 'yan kwanaki tarin ya matso gaba kaɗan, ya sake matsowa, a hankali yadda ba wanda zai ce ga ranar da aka cuce shi. Fanka ta tsaya, zafin Sakkwato ya kori mutane daga ɗaka, suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida kamar yadda iyayensu suka yi, suka zagi Irmiya har barci ya ɗauke su. Da ladan ya yi kiran Asuba kuma, sai Irmiya ya tayar da inji, wai yana gwada gyara. Duk fitilar da aka manta a kunne ta haske fuskar mai ita, duk garmahon da ya mutu a tsakiyar waƙa ya ɗora daga inda ya tsaya. Ciwon bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba.

Kai ne, Irmiya, ka sha zagi a bakin famfo da wajen mai nama. Kai ne yara suka yi wa waƙar makaniken da inji ya fi ƙarfinsa, kana ji kana wucewa. Ka riga kowa tashi, ka kwanta bayan kowa, don mutanen da suke roƙon Allah ya raba su da kai.

Muntari ne ya jagoranci masu kai ƙara. Alhaji Maigandi, da yake ba ya son riƙe abu mai zafi, ya miƙa wa kyaftin. Da tsakar rana kyaftin ya iso kwatas da sojoji biyu, ya sa aka tayar da inji, ya zauna a kujera yana jira ya ji tarin. Injin ya yi ta aiki sumul. Inuwa ta karkata, gumi ya jiƙa rigar kowa, ko atishawa injin bai yi ba. Mata suna leƙe ta saman katanga, Sadiyatu a cikinsu, hannunta a kan ciki.

Kyaftin ya miƙe. Ya ce injin gwamnati ne, sabo fil. Wanda ya kashe shi da gangan ya yi wa gwamnati zagon ƙasa, kuma kowa ya san inda ake kai irinsu. In kuwa akwai dalili, ko wani ne ya sa shi, to ya faɗi sunaye yanzu.

Irmiya ya ga abin da ke gabansa. Gaskiya tana da dalili, dalilin kuma yana da sunaye, na farkonsu, Muntari, yana tsaye kusa da shi da rigar ofis. Ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, inji lafiyarsa lau. Ba wanda ya sa ni. Ni ne ban iya shi ba."

Kyaftin ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da ya koyi inji tun yana saurayi bai ɗaga kai ba. Aka sauke shi zuwa matakin lebura. Alhaji Maigandi ya ba da umarni cewa kafin a samo ƙwararre, leburan ya riƙa kunna wuta daga Magariba zuwa bayan Isha kaɗan, da kuma Asuba, kada ya lalata dukiyar gwamnati. Ba a taɓa neman ƙwararren ba. Da aka ga kwaɗon kyaftin ya daina kama kowa, Alhaji ya gano cewa tsarinsa ne tun farko.

Ba a kori ko mutum ɗaya daga kwatas ba. Sadiyatu ta haihu a ɗakinta. Muntari ya zama babban akawu, ya kuma yi shekaru ba ya amsa gaisuwar Irmiya. Sai da safiyar walima matarsa ta gaya masa gaskiyar ciwon injin, ta gaya wa duk wanda ya tsaya saurare, ba da izinin Irmiya ba.

Mun gode, Irmiya, ubangidan dare. Ka sayi barcin unguwa da sunanka na makanike. Allah ya ba ka hutun da ka ba wasu. Masu karatu kuma, wanda yake da inji a hannunsa, kowane iri ne, ya dubi wa zai kwana lafiya saboda shi.

A walimar, Alhaji ya yi dogon jawabi, ya yaba wa Irmiya da biyayya duk da ƙarancin ƙwarewa. Muntari bai tafa ba. Da aka watse, Irmiya ya shiga cikin leburori suna kwashe kujeru. Muntari ya matso ya kama ƙafar wadda ke hannunsa.

"Bari, Malam Muntari, za ka ɓata rigarka. Aikinmu ne."

Ya ɗora ta a ka ya bi layi.