Ranar da Na Ceci Na'urar 'Yar Kawu

A unguwarmu an daɗe ana cewa 'yar kawuna ce ke riƙe da ruwan sama. Wai tana da wani fili cike da sandunan ƙarfe, in ta ga dama sai ta murɗa wani abu hadari ya watse. Wata tsohuwa har gida ta biyo ta, tana roƙon a ɗaga mata ƙafa ranar da za ta yi shanya. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ni na ƙaga ta. Matar da ruwa ya sha yi wa dukan tsiya a hanyar aiki, don ko lema ba ta tunawa da ita!

Gaskiyar magana, aikinta auna iska. Sandunan nan ɗari da ɗoriya na wata na'ura ne mai suna rada. Suna harba saƙo sama, ya dawo, kwamfuta ta rubuta gudun iska a can inda ko ungulu ba ta kaiwa. Ta ce in babban hadari ya tunkuɗa iska sama, nauyinta kan dawo da ita ƙasa, sai ta yi ta hawa da sauka kamar ruwan tafki da aka jefa wa dutse. Wannan rawar ce manyan malamanta ke bincike a kai. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku na ce, "Injiniya, wato kallon rawa kike zuwa, ki dawo ki ce mana kin gaji?"

Shekara tara tana ɗaki ɗaya, ita da tebur da fanka mai kuka da wani littafi da take rubuta duk abin da ya sami na'urar, ko da ɓera ne ya lashi waya. Ba ta da abin taƙama sai guda: rubutun na'urar bai taɓa yankewa a hannunta ba.

Sai ni.

Bara Inna ta aike ni na kai mata abincin rana. Ina shiga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, irin wanda suka yi shekara biyu suna jira. Murna kamar an yi mata haihuwa. Ta ce, "Zauna nan, kar ka taɓa komai," ta ruga ta duba janareta, ruwa ya tsare ta a can. Sai tsawa ta faɗi, wadda na rantse ta motsa mini haƙori. To mu a gidanmu doka ce tun muna yara: da an yi walƙiya, a zare komai daga bango. Na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya na zare, har da na bayan akwatin batir. Na koma na harɗe ƙafa ina jin kaina gwarzo. Da na ga ɗakin ya yi tsit kamar maƙabarta, jikina ya ba ni. Kafin ta shigo na mayar da su.

Minti arba'in na'urar ta yi a kashe. Ta tsaya jiƙe sharkaf tana kallon allon kwamfutar, layin ya yanke daidai tsakiyar hadarin. Ta jawo littafinta ta yi rubutu, ni kuma na sulale.

Daga baya na ji a bakin Kawu cewa an ba ta takardar gargaɗi, an kuma cire sunanta daga waɗanda za a tura ƙaro ilimi. Abin da ta rubuta a littafin nan: "Sakacina ne." Wata bakwai ina kewaye layinsu. Ni da bakina ba ya hutawa ko a barci, in an ambace ta sai in kama tari.

Makon jiya na daure na je. Na same ta tana gugar rigar aiki. Na ce bari in shiga ta ƙofar da na saba, wato zolaya.

"Injiniya, har yanzu ba a kama aljanin da ya kashe miki na'ura ba? An ce dogo ne, kyakkyawa, mai tausayin kayan mutane."

Ta ci gaba da guga. Sai na ajiye wasa.

"Yaya, ni ne fa. Me ya hana ki faɗa musu?"

Ta ajiye dutsen gugar, ta dube ni daga hula har silifa.

"Da na ce kai ne, sai sun tambayi wane ne kai. Gara a rubuta na yi sakaci da a rubuta jininmu ɗaya. Matsa, ka tsare mini haske."