Kat-kat ɗin Surukina

Aikin ido ne ya kawo surukina Alƙahira a farkon shekarun tamanin. Ya zo da niyyar wata ɗaya, ya shekara. Muna zaune a unguwar Abbasiya lokacin, hawa na uku, ni da matata da 'yarmu mai shekara biyar, ina aikin tafinta a ofishin jakadancinmu. Shi mutumin Damagaram ne, ya yi shekara talatin yana ratsa sahara da manyan motoci tsakanin Agadas da Bilma kafin ya ajiye tuƙi. Birni ya shaƙe shi. Kullum da hantsi yana bakin taga yana tsaki, wai garin nan ko iska sai an bi layi kafin a shaƙa. Da idon ya ɗan washe sai ya ce zai sayi kat-kat, haka suke kiran motar da ke ja da ƙafa huɗu, mu riƙa fita hamada muna kwana biyu muna dawowa. Ya ce amaryarsa ce za ta zauna a gaba kusa da shi, wato jikarsa.

Ni haifaffen cikin ganuwar Kano ne, dajin da na sani bai wuce gonar kawuna ba. Abu ɗaya na sani, shi ne mota, don na yi shekara uku ina wankin ƙarfe a gareji kafin na koma makaranta.

Ranar wata Juma'a da safe muka je kasuwar tsofaffin motoci a Madinat Nasr, wani ƙaton fili da ba inuwa. Tsohon bai dubi fenti ba, bai kula da surutun dillalai ba. Sai ya sa a tayar da mota, ya ɗora gindin sandarsa a kan inji, ya kara kanta a kunne, ya lumshe ido. Daga nan ya sa yatsa a salansa ya sansana. Mota shida ya ƙi a haka. Ta bakwai wata tsohuwa ce ruwan ƙasa, dillalin ya rantse wani likita ne mai ita, ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Baba ya saurara ya daɗe, ya sa aka ɗora kofin shayi a kan bonet, shayin bai ko motsa ba. Ya ce, "Wagga lafiyayya ce." Kafin in gama fassara wa dillali har sun tafa, an sa albarka.

Suna shan shayin ciniki na zame na kwanta a ƙarƙashinta, don sabo. Farfelar baya tana nan, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Na juya kai gaba, wayam. Babu farfelar gaba, sai ramukan noti huɗu da suka yi tsatsa. Masu irin wannan mota a cikin birni sukan cire ta in ta fara ƙara, ko don rage shan mai, tunda ba inda za su. Motar dai ƙafa biyu gare ta kamar kowace tasi. A ƙasar su Baba ba mai hankalin da zai cire wannan ƙarfe, shi ya sa ko tambaya bai yi ba, kuma gwiwoyinsa ba sa barin shi ya sunkuya.

Na fito ina karkaɗe riga. Ya ce, "Yaya, Malam?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Wanda bai tashi cikinmu ba zai ce ni sakarai ne, kuma ba zan yi masa musu ba. Amma shekara bakwai ina auren 'yarsa, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, ban taɓa ce masa a'a ba. Yaya zan buɗe baki a tsakiyar kasuwa in ce wa mutumin da ya ƙetare sahara sau ba adadi an sayar masa da gurguwa? An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ba a dai faɗi abin da za a yi da abin da yaro ya gano a ƙarƙashin mota ba. Na ce wa kaina zan samu hanya a gida.

Na fara da matata. Na ce mata akwai wani ƙarfe da ya kamata a sa, ko za ta ɗan taɓa wa Baba maganar. Ta zaro ido ta ce, "Ni? Malam, ka manta ni ce 'yar fari?" Gaskiyarta. Tsakaninta da mahaifinta gaisuwa ce da ajiye kwano, ko sunanta ba ya kira. Kuma laifina ne, don na ce mata ɗan ƙarfe ne, ban ce mata ƙafa biyu na motar ba ne.

Har yarinyar na koya wa magana, Allah ya yafe mini. Tunda jika tana da bakin wasa da kakanta, na ce ta je ta ce masa motarsa gurguwa ce. Ta je ta faɗa, ta ƙara da nata, wai mijinta tsoho motarsa tsohuwa. Ya yi dariya har da tari, ya ba ta dabino.

Mako biyu muka yi ana shirya motar a garejin wani Bamisire a bayan layinmu, wanda kowa ke ce wa usta, wato ogan kanikawa. A nan na ga aikin Baba, kuma ko yau in na tuna sai na sara masa. Ya sa an ƙera ragar ƙarfe a sama, an ɗaure safaya biyu. Jarkokin fetur a baya, an shafa musu jan fenti don kada hannu ya kai gare su da ƙishirwa. Ya ƙi jarkar roba ta ruwa, ya sa wani ɗan kasuwar Nijar da ke unguwar Darrasa ya nemo masa salka biyu, aka rataye su a gefen mota inda iska za ta riƙa sanyaya su. Ya sayi shebur biyu, famfon taya, tamfol, da wasu dogayen faranta na ƙarfe masu huji da ake shimfiɗa wa taya in ta kafe, su yana ce musu tol. Ko igiya sai da ya ja ta da haƙori. Duk abin da aka ƙara, ni na san nauyi ake lafta wa tayoyi biyu.

Ranar da za a gama, abokansa biyu na Darrasa suka zo gani. Baba ya zauna a kan benci yana ba su labari, yana cewa shekara talatin bai taɓa sayen motar da ta ba shi kunya ba, kunnensa ya fi idon bakanike. Daidai nan usta ya fito daga ramin gareji yana goge hannu, ya ce da Larabci, "Gaya wa Alhaji farfelar gaba babu. Kada ya shiga rairayi da ita."

Baba ba ya jin Larabcin Masar. Duk maganar da aka yi a garejin nan ta bakina ta bi. Ya juyo ya ce, "Mi ya ce?"

Allah ya kawo mini sauƙi har gida. Ba maganata ba ce, ta usta ce, ni ɗan aike ne kawai. Na dubi baƙin nan biyu suna murmushi, na dubi ƙasa. Na ji bakina yana cewa, "Ya ce a ƙara mata man giya, Baba."

Bayan sun tafi na koma na roƙi usta ya nemo mini farfela a kasuwar tsofaffin ƙarafa, ya sa ta ba tare da tsohon ya sani ba. Ya ce, "Tamam, bukra in sha Allah," wato to, gobe in Allah ya yarda. Washegari ya ce ma'alish, in yi haƙuri, wadda aka samo ta yi gajarta. Rana ta uku ya ce mai shagon ya tafi ƙauye. Abinci ya daina shiga mini. A ofis na fassara takarda ɗaya sau biyu ban sani ba. Ran Laraba Baba ya ce gobe za mu fita. Na ce yarinyar kamar tana mura, ko a bar su a gida ita da uwarta. Ya ce iskar hamada ita ce maganin mura.

Muka fita Alhamis da sassafe, ni ke tuƙi saboda idonsa. Muka wuce dalar Fir'auna muka ɗauki hanyar yamma, zafi ya riga ya fara don bazara ce. Bayan tafiya mai nisa ya nuna da sanda ya ce in sauka daga kwalta. Ƙasar da farko tsakuwa ce mai tauri, motar tana tafiya sumul, har na fara cewa wataƙila Allah zai rufa asiri. Yarinyar tana kan cinyar kakanta tana waƙa. Na riƙa duba madubi har na daina ganin turakun waya na bakin titi. Ina karanta duk addu'ar da na iya a zuci.

Mun yi kamar awa ɗaya da barin titi muka gangara wani kwari, rairayi fari mai laushi. Na ji bayan motar ya yi nauyi. Baba ya ce, "Sa ƙaramin giya, ta ja da huɗu." Na ja sandar, na san aikin banza nake yi. Na taka mai. Tayoyin baya suka yi ta haƙa, motar ta zauna har cikinta ya taɓa ƙasa.

Ya sauka ya ce in sake takawa. Ya tsaya yana kallon tayar gaba, ko motsi ba ta yi ba. Sai na ga ya dafa ƙofa, ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwoyin nan nasa, ya zura hannu ƙarƙashi yana lalube. Ya daɗe. Da ya miƙe bai dube ni ba. Ya kalli rana, ta kusa tsakiya. Ya ce a sauke tamfol.

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni na kwaso kunyar gida na kawo ta inda ba ta da aiki. Muka kafa inuwa a jikin mota, Baba ya hana kowa taɓa shebur, ya ce wanda ya yi haƙa yanzu kabarinsa yake haƙa. Iska tana busowa kamar daga bakin tanda. Wajen azahar yarinyar ta yi amai. Daga nan ta daina magana, jikinta ya yi zafi rau, fatarta ta bushe ba ko ɗigon gumi. Uwarta tana kiranta, ido kawai take juyawa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Tsohon ya warware rawaninsa, ya jiƙa shi da ruwan salka, ya naɗe ta da shi. Ya sa uwar tana fifita, shi yana ɗiga mata ruwa a baki da cokalin shayi, ɗigo ɗigo, ya zuba ɗan gishiri da sukari. Rawani ya bushe ya sake jiƙawa. Haka har la'asar.

Da rana ta karkata ya ce, "Yalla, tashi, Malam." Muka sauke jarkoki da safaya da duk abin da ya yi mako biyu yana tarawa, muka bar su a nan, banda tol da shebur da salka da famfo. Ya sa na sace iskar tayoyi har suka baje. Na haƙa, na shimfiɗa tol, na ja mota tsawon tol ɗin, ta sake kafewa, na ciro su na kai gaba. Ban san sau nawa na yi ba. Tafin hannuna ya saɓule. Duk lokacin da na zagayo sai na leƙa in ga ko ƙirjinta yana motsi. Muka hau tsakuwa rana tana ja, muka kai kwalta bayan ta faɗi.

Aka kwantar da ita a asibiti aka sa mata ruwa. Washegari da hantsi ta farka ta ce tana jin yunwa, ta tambayi ina mijinta. Na fito in kira shi. Yana zaune a benci a baranda, kansa ba rawani, sandarsa tsakanin ƙafafunsa. Na durƙusa na ce, "Baba, ta tashi, tana kiranka."

Ya ce alhamdu lillahi sau uku, amma bai tashi ba. Ya ce, "Abin da bakaniken nan ya ce rannan, ba man giya ba ne."

Na ce, "Ba shi ba ne, Baba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar kasuwa."

Na jira zagi, wallahi da ya zage ni da na ji sanyi. Da ya ce in sakar masa 'yarsa ma ba zan ga laifinsa ba. Sai na ji muryarsa ta karye. Ya ce, "Malam, don Allah gaya mini. Wane irin mutum ne ni, da har za ka gwammace ɗiyarka ta mutu da ka ce mini na yi kuskure?"

Tambaya yake yi da gaske, yana jiran amsa. Ina da ita a bakina, ina so in ce masa ba halinsa ba ne, nawa ne, shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmansa da rairayi ya cika, na ce, "Babu komai, Baba."