Ni za ka tambaya

Wata goma sha ɗaya ban rubuta kome a shafin nan ba. Masu cewa na yi girman kai, ku yi haƙuri, baki ne ya ƙi.

Ina tsaye a duwan ɗin Gaya, wajen 'yan kwastan, da takardun kamiyona, babbar motar da nake tuƙawa, na buɗe baki in yi gaisuwa, sai miyau ya zubo. Hannun dama da ƙafa suka saki.

Tansiyo ce, wato hawan jini. Aka kai ni Doso, daga can Yamai. Hoton sikane na kai, ɗibar jini, ordonansi kan ordonansi na sayen magani, har babur ɗina ya tafi a kuɗin asibiti. Likita ya ce, "Ƙafa za ta dawo. Magana kuwa sai an sha aiki."

Ƙafa ta dawo. Kalma tana cikin kaina sarai, ta ƙi fitowa.

'Yan dubiya suka fi gajiyar da ni. Ina zaune, su tsallake ni su tambayi maiɗakina Hajara, "Ya mai jiki?" Ita kuma don tausayi, kafin in haɗa kalma ta ƙarasa mini. Na koma kamar randa a tsakar gida.

Sai Nafisa, 'yar maƙwabcinmu, ta zo hutu. Ashe akwai karatun gyaran magana da ji a jami'a, shi take yi a Kwatano. Ni ban taɓa jin labarinsa ba.

Ta wuni tana kallonmu, ta ce wa Hajara, "Inna, ku daina ƙarasa mishi. Ku jira shi."

"In bar dattijo yana fama gaban mutane?"

"Shi ne maganin, Inna."

Kullum bayan la'asar, Nafisa ta zo da madubi da hotuna. Da furfurata ana koya mini "buta". Na yi kuka, na jefar da madubin sau biyu. Da ta koma Kwatano, muka ci gaba ta waya, malamarta na duba aikin.

Juma'ar nan abokin tuƙina ya zo, ya ce wa Hajara, "Ya mai jiki?" Ta yi shiru tana murza bakin zane. Na daɗe ina kokawa, sannan na ce, "Da sauƙi. Ni za ka tambaya."

Har yanzu magana na gajiyar da ni, da hagu ma nake rubutun nan. Na gode wa Allah, na gode wa Nafisa, na gode wa Hajara da ta koyi yin shiru. Na san ya yi mata ciwo.

Ku riƙa awon tansiyo. In baki ya karkace, a tafi asibiti nan take. In kun je dubiya, ku gaida mai jikin da kansa, ku jira ya amsa, ko da shayinku zai huce.